Haya a gidan da ba don riba aka tanade shi ba: Abin da ya kamata ɗan haya ya sani a Kano

A unguwannin Ƙaramar Hukumar Gwale, daga Mandawari da Galadanci da Diso da ke cikin ganuwa har zuwa Kabuga da Ɗorayi da ke wajenta, babu watan da ke hana magidanci barci kamar wanda kuɗin hayarsa ke cika. A watan ne dillali ke yin sallama a ƙofar gida da saƙon cewa an yi ƙari, kuma wanda ba zai iya ba sai ya nemi wani wurin.

Gwale ƙaramar hukuma ce mai ƙarancin fili da yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da dubu 350, kuma a cikinta tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yake, ga manyan makarantu da ke jawo ɗalibai da malamai da ma'aikata. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin siminti da rodi da kwanon rufi ya tashi, masu gidaje kuma suka ɗora nauyin a kan 'yan haya.

Lissafin a fili yake. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 shi ne N71,000 a wata, wato N852,000 a shekara. Ma'aunin da masana harkar gidaje suka saba amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu, wato N255,600 ga irin wannan ma'aikaci. Duk wanda ya nemi ciki da falo mai ruwa da wuta a kwanan nan ya san inda wannan kuɗi zai tsaya.

Shi ya sa mutane da dama ke neman gidan da mai shi ba riba ya sa a gaba ba: na gwamnati, na hubusi, na ƙungiya, ko na wani bawan Allah da ya ba da shi don taimako. Irin wannan gida yana da sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali, amma yana da ƙa'idoji na daban, kuma rashin sanin su ne ke jefa iyalai cikin rikici bayan sun shafe shekaru suna ganin sun zauna daram.

Iri huɗu na masu gida

A wasu ƙasashe akwai ƙungiyoyi masu rajista da aikinsu kawai shi ne gina gidaje su ba marasa ƙarfi haya mai rahusa, duk rarar da aka samu kuma a mayar da ita cikin gyara da sabon gini. A Kano tsarin bai kafu da wannan siffa ba. Abin da ake da shi ya kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne hukuma. Hukumar Gidaje ta Jihar Kano ce ta samar da rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja da Kabuga da Danladi Nasidi, Gwamnatin Tarayya kuma ta gina nata a zamanin Shugaba Shehu Shagari, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Akwai kuma kwatas ɗin ma'aikata na makarantu da asibitoci da jami'o'i.

Na biyu shi ne hubusi, wanda ake kuma kira waƙafi: mutum ya tsare gidansa, ba a sayarwa ba a gāda, ya mayar da amfaninsa ga masallaci ko makaranta ko marayu ko talakawa.

Na uku shi ne aro. Wannan ne ya fi daɗewa a cikin birni, inda attajiri ko malami ko babban gida ke ba yaronsa ko almajirinsa ko wani ɗan uwa ɗaki ko sashen gida ya zauna, ko dai kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na huɗu shi ne tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka, wanda Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, da wasu ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata ke gudanarwa.

A cikin huɗun nan, na ƙarshe ne kaɗai ke kai mutum ga mallakar gida kai tsaye. Sauran ukun zama ne a gidan wani, komai daɗewa.

Gidan gwamnati ya koma na sayarwa

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati burin samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da ya dace. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu ne, wanda kotuna ba sa tilasta aiwatar da shi, don haka ba a ƙarar gwamnati saboda ba ta ba mutum gida ba.

Tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus ɗin ma'aikata zuwa kuɗi, hukumomi suka juya daga bayar da haya zuwa sayarwa. An sayar da ɗimbin gidajen gwamnati ga mazauna cikinsu, jihohi ma suka bi sahu. Manyan rukunonin da aka gina a Kano tsakanin 2011 da 2015, wato Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, don sayarwa aka yi su.

Wanda ya samu ya saya ya ci riba. Amma duk gidan da aka sayar ya fita ke nan daga rumbun da ma'aikacin da ke tasowa zai samu haya mai sauƙi. Da yawa daga cikin gidajen da aka gina da sunan masu ƙaramin ƙarfi yau suna hannun ɗaiɗaikun mutane, suna bayar da su haya a farashin kasuwa. Saboda haka ganin gida a cikin rukunin gwamnati ba ya nufin gwamnati ce mai shi. Dole mai neman haya ya tambayi wanda takardar ke hannunsa.

Kwatas ɗin ma'aikata kuwa a ɗaure yake da aiki. Ranar da aka yi wa mutum canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, wa'adin tashi ya fara ƙirguwa, ko da kuwa garatuti bai fito ba. Ma'aikacin da ya shekara 20 a kwatas bai tanadi ko fili ba yana cikin waɗanda ritaya ta fi girgizawa.

Hubusi da hukunce-hukuncensa

Asalin hubusi sananne ne a tarihin Musulunci: gonar da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya samu a Khaibar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ɗan Affan ya saya ya bar wa jama'ar Madina. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Zamfara da Sakkwato ma suna da irinta. Sai dai yawancin gidajen hubusi na cikin unguwanni suna hannun kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da iyalan waɗanda suka bayar ne.

Abu na farko da ɗan haya zai bambance shi ne manufar gidan, domin gidan hubusi iri biyu ne.

Akwai wanda aka tsare don a zauna a ciki, kamar gidan liman ko na malaman makaranta ko na zawarawa masu marayu. Mazauninsa ba ɗan haya ba ne a haƙiƙa, mai cin gajiyar hubusin ne, kuma cancanta ce ta shigar da shi.

Akwai kuma wanda aka tsare don a ba da shi haya a yi wa masallaci ko marayu hidima da kuɗin. A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mai kula da hubusin, wanda malaman fiƙihu ke kira naziri, amana ce a hannunsa, kuma abin da ake nema gare shi shi ne ya karɓi kuɗin haya daidai da na makamantan gidan. Idan ya karya farashi don kunya ko sanayya, haƙƙin marayun ya tauye. Ke nan wanda ya shiga irin wannan gida kada ya sa ran rahusa mai yawa. Ribar da zai samu ita ce gidan ba ya shiga kasuwa, ba a raba shi gado, don haka ba za a wayi gari a ce masa an sayar ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci a Kano ke bi, ya yi bayanin waɗannan abubuwa dalla-dalla a littattafai irin su Mukhtasar na Shehu Khalil. Kaɗan daga ciki sun shafi mazauni kai tsaye.

Sharaɗin mai hubusi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Idan ya ce na malaman makaranta ne, wanda ya bar koyarwa ya bar gidan.

Wanda aka zaunar bisa cancanta ba a fitar da shi don kawai wani ya zo, sai in mai hubusin ya gindaya hakan, ko mazaunin ya yi ƙaura ko doguwar tafiya.

Gyaran gidan ne ke gaba da komai a cikin kuɗin da ya shigo. Idan gidan na zama ne, ya lalace, mazaunin kuma ya ƙi gyarawa, ana iya fitar da shi a ba da gidan haya har a tara abin gyara.

Ba a son naziri ya ba da hayar hubusi na shekaru masu yawa a lokaci guda, don kada doguwar haya ta rikiɗe ta zama kamar mallaka.

Sannan Malikiyya ta yarda da hubusi na ƙayyadadden lokaci. Mutum na iya tsare gidansa na shekara goma, bayan nan ya koma hannunsa ko na magadansa. Saboda haka jin cewa gida hubusi ne bai wadatar ba, sai an ji ko na har abada ne.

Ranar da mai gida ya rasu

Mafi yawan rigingimun irin waɗannan gidaje ba sa tasowa sai bayan rasuwar mai kyautar. Dalili kuwa shi ne a cikin birni an saba yin alheri da baki. Dattijo zai ce wa yaronsa na kasuwa ya je ya zauna a gidan nan, shi ke nan, babu takarda babu shaida. Bayan shekara 30 sai magada su zo rabon gado, mazaunin ya ce ba shi aka yi, su kuma su ce aro ne.

Shari'a ta rarrabe tsakanin waɗannan kalmomi. Kyauta tana mayar da gidan mallakar wanda aka ba. Aro amfani ne kawai: idan an yanka masa lokaci dole a cika shi, idan ba a yanka ba sai a duba abin da al'ada ta saba. Akwai kuma abin da ake kira umra, wato a ba mutum zaman gida iya tsawon rayuwarsa. A Malikiyya idan ya rasu gidan na komawa ga mai shi ko magadansa, 'ya'yan mazaunin ba su da gado a ciki.

Hubusi ma yana da sharaɗin da ke rushe shi idan aka yi sakaci. Dole gidan ya fita daga hannun mai shi, a karɓe shi, tun yana raye da lafiyarsa. Idan ya furta cewa ya yi hubusi amma ya ci gaba da riƙe gidan har ya rasu, hubusin ya ɓaci, gidan ya koma gado. Idan kuma a ciwon ajali ya yi, hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce sulusin dukiya ba.

Ita kuwa haya ta gaskiya, wadda aka yanka kuɗi da wa'adi, ba ta rushewa da mutuwar mai gida a Malikiyya. Magada za su jira wa'adin ya cika. Wannan ne ya sa wanda ke biyan ko da ɗan kaɗan ne, yana karɓar rasit, ya fi wanda ke zaune kyauta ba takarda ƙarfin hujja a gaban alƙali.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Kasancewar mai gida hukuma ce ko ƙungiyar agaji bai ba shi damar fitar da ɗan haya da ƙarfi ba. Cire rufi ko ƙofa, yanke wuta da ruwa, ko watso kaya waje duk ɗaukar doka ne a hannu. Kotu ce ke ba da umarnin tashi.

A dokokin karɓar gida daga ɗan haya na yawancin jihohin ƙasar nan, idan ɓangarorin biyu ba su rubuta wani wa'adi na daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata guda, mai biyan wata uku-uku yana da na wata uku, mai biyan shekara kuma yana da na wata shida. Bayan wannan ya ƙare sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da shi niyyar zuwa kotu.

Sai dai a kula da abu biyu. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu tana iya rage wannan wa'adi, don haka a karanta kafin a sa hannu. Sannan wanda ke zaune albarkacin aiki ko aro ba lalle ne kotu ta ɗauke shi a matsayin cikakken ɗan haya ba, kariyarsa ba ta kai ta mai biyan shekara ba.

Haya mai ƙarewa da mallaka

An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana tarawa a FMBN. A ƙarƙashin tsarin bankin na haya zuwa mallaka, mai zubi a asusun yana shiga gida ya riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara, na tsawon lokacin da zai iya kai shekara 30 gwargwadon shekarunsa da abin da ya rage masa na aiki, in ya kammala gidan ya zama nasa. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu ma suna iya yin rajista su riƙa zubi.

Tambayoyin da suka wajaba a nan su ne: idan biya ya tsaya saboda rashin aiki ko karayar jari, me zai faru da abin da aka riga aka zuba? Idan mutum ya rasu, akwai inshorar da za ta biya ragowar, ko iyalansa za su ci gaba? Kuma nawa ne jimillar abin da za a biya idan aka kwatanta da farashin gidan a yau? Mai son kauce wa kuɗin ruwa ya nemi a nuna masa a rubuce irin cinikin da aka gina tsarin a kai, ya kai wa malami masanin mu'amala ya duba.

Darasi daga wasu ƙasashe

A birnin Augsburg na Jamus akwai rukunin gidaje da attajiri Jakob Fugger ya tsare wa talakawa da takardar da aka rubuta a 1521. Har yau ana zaune a cikinsu, kuɗin hayar shekara bai kai Yuro ɗaya ba, ban da kuɗin wuta da ruwa. Abin da ya raya su shekara 500 shi ne an rubuta sharuɗɗan shiga, an kuma tsare wata dukiya daban, musamman dazuzzukan katako, da ke ɗaukar nauyin gyara.

A Landan, asusun da George Peabody ya kafa a 1862 yana cikin manyan masu ba da haya mai rahusa har yanzu. A Ingila irin waɗannan ƙungiyoyi suna da hukumar da ke sa musu ido, mai nema kuma yana shiga layi ne a duba buƙatarsa. Ita ma Birtaniya ta ɗanɗana sayar da gidajen hukuma: dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta ba mazauna damar saye, aka sayar da kusan miliyan biyu, ba a gina madadinsu daidai ba, layin masu jira ya yi tsawo.

Abubuwa uku ne suka riƙe waɗanda suka ɗore: rubutacciyar ƙa'idar wanda ya cancanta, asusun gyara, da mai sa ido daga waje. Duka ukun fiƙihun hubusi ya tanade su tun tuni, da sharaɗin mai hubusi, da fifita gyara, da ikon alƙali a kan naziri. Abin da ya yi ƙaranci a unguwanni shi ne rubutawa da adanawa.

Nauyin da ke kan mazauni

Gidan da ba na riba ba ya fi saurin lalacewa, domin kowa na ganin ba nasa ba ne. A cikin birni, inda gidajen ƙasa ke buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, sakacin shekara biyu ya isa ya kayar da katanga. Ɗan hayar da ya riƙe kuɗi yana cewa ai gidan Allah ne, ko ai na gwamnati ne, rufin da ke kansa yake ci.

Haka kuma ba da gidan ga wani a ɓoye a karɓi kuɗi mai tsoka, kamar yadda 'yan kasuwa suka san ana yi da rumfunan hukuma, ya saɓa wa yawancin yarjejeniyoyi kuma dalili ne na kora. Wanda ya karɓi irin wannan haya daga hannu na biyu shi ne ya fi shiga haɗari, don mai gidan na asali bai san da shi ba.

Wanda kuma Allah Ya buɗa masa ya gina nasa, abin da ya dace shi ne ya mayar da makulli, domin akwai wani a bayansa da ke cikin halin da ya fito.

Kafin a karɓi makulli

Mai shirin shiga irin wannan gida ya tabbatar da waɗannan abubuwa:

Wane ne mai gidan a takarda, kuma wanda ke ba da shi yana da izinin yin hakan?

Da wane suna za a zauna: haya, aro, zaman rai-da-rai, ko cin gajiyar hubusi? A rubuta kalmar ƙarara.

Idan hubusi ne, ina takardarsa, su wane ne shaidu, na har abada ne ko na wani lokaci, kuma magada sun san da shi?

Nawa ne kuɗin, yaushe ake sake duba shi, kuma a asusun wa ake zubawa? Biya ta banki da sunan hukumar ko kwamitin ya fi miƙa wa mutum a hannu.

Wa ke gyaran rufi da masai da magudanar ruwa? Idan mazauni ya kashe kuɗinsa a babban gyara, za a cire masa daga haya? A nemi izini a rubuce kafin a sa bulo ko ɗaya.

Idan magidanci ya rasu, matarsa da 'ya'yansa za su ci gaba da zama, kuma har zuwa yaushe?

A sa hannu a gaban shaidu biyu, mai unguwa ya sani, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.

Masu hali da ke da niyyar tsare gida don Allah su ma aikin na gabansu: su rubuta, su kafa shaidu, su miƙa gidan tun suna da lafiya, su sanar da magada, su kuma kai takardar kotu ko Hukumar Zakka da Hubusi a adana. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma takarda guda da aka rubuta yau tana iya hana a fitar da marayu daga gida bayan shekara ashirin.